A AUNA GWANI DA ZAMANINSA: LABARIN ANJELA TA ƘASAR YUKREN

Jama'a, in aka tambayi masu sha'awar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle wane ne gwanin tsallen gwangwala na ƙasar Yukren, ba wanda zai yi inda-inda, kowa zai ce Sergei Bubka. In kuwa aka ce to, cikin mata fa, sai ka ji wuri ya yi tsit. Ga shi kuwa ƙasar nan ta haifi macen da ta zama zakarar Turai har sau biyu cikin shekara guda, ta taɓa riƙe bajintar duniya, ta kuma zo ta biyu ranar da aka fara barin mata su yi wannan tsalle a babbar gasar duniya ta fili. Sunanta Anjela Balakhonova. An haife ta a birnin Kiyef ran 18 ga watan Disamba 1972. Ta daɗe da ajiye gwangwala, yau kuwa da wuya ka ji mai ambatonta, sai fa in an buɗe littattafan lissafin wasanni.

Wannan mantuwa ba adalci ba ce. Dalilinta kuwa shi ne, mudu biyu kaɗai duniya ta ɗauka tana auna 'yan wasa da su. Na fari, shin mutum ya ci lambar zinariya a wasannin Olimfik? Na biyu, shin tsayin da ya tsallake har yanzu ana jin tsoronsa? Anjela ba ta cika ko ɗaya daga cikin mudun nan biyu ba. Amma wanda ya bi labarinta a tsanake zai ga laifin na mudun ne, ba nata ba.

YADDA WASAN YAKE

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san yadda ake wannan tsalle, don ba kowa ya taɓa ganinsa ba. Ana kafa dirkoki biyu, a gitta wani siririn kara a bisansu. Ɗan wasa zai riƙo doguwar sanda, ya sheƙo a guje kamar taki goma sha shida ko ashirin, ya cusa bakin sandar cikin wani ɗan rami da aka yi a gindin dirkokin. Sai sandar ta lanƙwashe don ƙarfin gudunsa, sa'an nan ta miƙe ta cilla shi sama, ƙafafu a gaba, kai a ƙasa, ya juya ya haye karan nan ba tare da ya kayar da shi ba, ya faɗa kan katifa. Da can da katako ake yin sandar, daga baya aka koma gora, sa'an nan ƙarfe, kana aka samo wadda ake yi da zaren gilashi mai lanƙwasa, wadda ta bazu tun wajen 1960. Sunan gwangwala dai ya zauna, ko da yake sandar ta sake.

Ƙa'idar wasan mai tsanani ce. Sau uku ake ba mutum ya gwada. In ya kayar da kara sau uku a jere, ya fita ke nan. Kowa yana da ikon zaɓen tsayin da zai fara da shi. Wanda ya fara da ƙasa-ƙasa zai gaji tun ba a kai inda ake rabon lambobi ba. Wanda kuma ya jira sai an ɗaga kara ya yi sama, to, ya yi caca, gama in ya kasa sau uku a nan, za a rubuta masa babu, kamar bai zo filin ba. A riƙe wannan ƙa'ida, za a sake gamuwa da ita a gaba.

SHEKARA 104 ANA JIRA

Maza sun fara wannan tsalle a wasannin Olimfik tun na farko, waɗanda aka yi a birnin Atina na ƙasar Girka cikin 1896. Wani Ba'amurke, William Hoyt, shi ya ci da mita 3.30. Mata kuwa aka rufe musu ƙofa, wai ba su da ƙarfin damtse da kafaɗa, wai kuma wasan ya cika haɗari. Sai cikin 1994 hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta fara rubuta bajintar mata, ta karɓi mita 4.05 da wata 'yar ƙasar Sin, Sun Caiyun, ta tsallake cikin 1992. Olimfik kuwa bai buɗe musu ba sai cikin 2000, watau bayan shekara 104.

Saboda haka matan da suka fara, kusan dukansu daga wata sana'a suka ƙetaro. Emma George ta Ostireliya, wadda ta yi ta karya bajintar duniya tsakanin 1995 da 1999, 'yar wasan alkafura ce a gidan wasan dabo tun tana yarinya. Daniela Bartova ta ƙasar Cek ta je Olimfik na 1992 a matsayin 'yar wasan lanƙwasa jiki. Stacy Dragila ta Amurka da gasar wasanni bakwai ta fara. Tatiana Grigorieva, haifaffiyar Rasha da ta koma Ostireliya, tseren tsallake shinge take yi. Ba wata mace a gabansu da za su duba su kwaikwaya. Malaman da ke koya musu, da jikin maza suka koyi aikin. Tsawon sandar da ta dace da mace, da taurinta, da inda za ta riƙe, da yawan takin da za ta yi, duk sai da aka yi ta gwaji a jikinsu, a faɗi a tashi, kafin a gane.

Anjela tana da shekara 21 lokacin da aka fara rubuta bajintar mata. A wasan da ake so a fara tun ana 'yan shekara goma sha, wannan makara ce babba. Ga kuma halin da ƙasarta take ciki. Yukren ta sami mulkin kanta cikin watan Agusta 1991, da Tarayyar Sobiyet ta kama hanyar rushewa. Tsarin nan na gwamnati mai ɗaukar nauyin 'yan wasa tun daga makaranta ya sukurkuce, kuɗin ƙasa ya zama takarda, musamman cikin 1993 da tsadar kaya ta wuce hankali, malaman wasa da dama suka fita neman abinci ƙasashen waje. A cikin wannan ƙunci ne wata budurwa a Kiyef ta ɗauki sanda mai tsada, don wasan da ko a Olimfik ba a san da shi ba tukuna.

SHEKARUN GIRBI

Shekarar 1998 ita ce shekararta. A farkonta aka yi gasar Turai ta cikin zaure a birnin Balensiya na ƙasar Sifen. Anjela ta haye mita 4.45, watau ƙafa 14 da inci 7, ta ci zinariya, ta kuma kafa sabuwar bajintar duniya ta cikin zaure. Bartova da Vala Flosadottir ta ƙasar Aislan, waɗanda su ne suka yi ta musayar bajintar a 'yan makonnin baya, suka tsaya a mita 4.40. Bajintar Anjela ba ta daɗe ba, cikin 'yan kwanaki aka ɗara ta, gama a lokacin kusan kowane mako sai an ɗaga kara. Amma a fagen gasa ta yi tata, gaban abokan hamayyarta duka, ranar da ake rabon lamba.

Cikin watan Agusta na wannan shekara aka hallara a Budapest ta ƙasar Hangari don babbar gasar Turai ta fili, karo na farko da aka sa tsallen mata a ciki. Mata uku suka tsaya a tsayi ɗaya, mita 4.31, watau Anjela da Jamusawa biyu, Nicole Humbert da Yvonne Buschbaum. In haka ta faru, alƙalai sukan koma su ƙirga wa ya fi ƙarancin kayar da kara. Anjela ce ta fita da zinariya. Ko shekara ɗari za a yi nan gaba ana wannan gasa, sunanta ne zai zauna a layin farko na jerin zakarun Turai mata.

Da shekara ta kewayo, cikin Agusta 1999, aka yi gasar duniya a birnin Sebiya, can dai a Sifen. Nan ma karo na farko ke nan ga mata a gasar duniya ta fili. Anjela ta haye mita 4.55, ƙafa 14 da inci 11. Grigorieva ta tsaya a 4.45 ta ɗauki tagulla. Dragila kuwa sai da ta haye 4.60, daidai da bajintar duniya ta Emma George, kafin ta iya karɓe zinariya. A lura da wannan da kyau: a ranar, ba a kayar da 'yar Kiyef ba sai da aka taɓo iyakar abin da wata mace ta taɓa tsallakewa a duniya. Duk da haka hukumar wasanni rabin lada ta biya matan nan, in an gwada da na sauran wasanni, wai don wasansu sabo ne.

DAREN SIDNI

To, Hausawa sun ce wata rana a sha zuma, wata rana a sha maɗaci. Ran 25 ga watan Satumba 2000 aka yi karon ƙarshe na tsallen mata a Olimfik na birnin Sidni, gaban 'yan kallo fiye da dubu 110. Daren nan ne Cathy Freeman ta ci tseren mita 400, tseren da Falilat Ogunkoya ta Nijeriya take cikin mata takwas da suka kara. Anjela ta iso wannan dare tana cikin waɗanda ake sa wa rai. Sai ta kasa haye tsayin da ta fara da shi, aka rubuta mata babu. Dragila ta ci zinariya da 4.60, Grigorieva azurfa da 4.55, Flosadottir tagulla da 4.50. Watau da Anjela ta maimaita abin da ta yi a Sebiya wata goma sha uku baya, da ba ta koma gida hannu rabbana ba.

Wannan dare ɗaya shi ya rage mata suna. Mai cin zinariyar farko a Olimfik ana kiran sunanta har gobe. Wadda ta matsa mata lamba a Sebiya kuwa, aka shafe ta.

MASU CEWA TA CANCANCI HAKA

Akwai masu gardama, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wasa ba ya san tausayi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Olimfik shekara huɗu-huɗu yake zuwa, kowa ya san ranar tun da wuri, wanda ya kasa a ranar ya kasa. Gaskiya ne ta kasa, ba mai musun wannan. Amma sai a tambayi masu wannan magana, shin mudun nan da shi suke auna kowa?

A ɗauki Bubka kansa. Mutumin da ya karya bajintar duniya sau 35, wanda ya fara haye mita 6 a birnin Paris cikin 1985, ya kuma ci gasar duniya sau shida a jere daga 1983 zuwa 1997. A Olimfik na Basalona cikin 1992, lokacin da ba shi da na biyu a duniya, ya kayar da kara sau uku, aka rubuta masa babu. A Atlanta cikin 1996 ciwon ƙafa ya hana shi tsalle. A Sidni cikin 2000 tun zagayen share fage ya fita. Zinariyar Olimfik guda ɗaya tak gare shi, ta Seoul cikin 1988. A ɗauki kuma Yelena Isinbayeva ta Rasha, wadda ta fi kowace mace suna a wannan wasa. A gasar duniya ta Balin cikin Agusta 2009 babu aka rubuta mata, bayan kwana goma sha ɗaya ta je Zurik ta haye mita 5.06. Ita ma Emma George, a gaban mutanen ƙasarta a Sidni, ko karon ƙarshe ba ta kai ba.

Ashe ke nan babun nan ba alamar ragwanci ba ce, halin wasan ne. Iska tana iya juyawa mutum yana tsakiyar gudu. Jiki yana iya yin sanyi saboda dogon jira. Taki ɗaya in ya gajarta da ɗan yatsa, sanda ba za ta shiga rami daidai ba. Bambancin kawai shi ne, Bubka da Isinbayeva sun sami dama sau da yawa, suka rufe ranar baƙin ciki da ranakun farin ciki. Anjela kuwa an buɗe mata ƙofar Olimfik tana da shekara 27. Da an buɗe a Atlanta, ko da Olimfik ya faɗo cikin 1998, da wani labari ake yi. Jinkirin ba ita ta jawo shi ba, masu mulkin wasanni ne.

Gardama ta biyu ita ce, wai tsayin da take hayewa ba wani abu ba ne. Suna nuna cewa Isinbayeva ta haye mita 5 a London cikin Yuli 2005, Nina Kennedy ta Ostireliya kuma ta ci Olimfik na Paris cikin 2024 da mita 4.90, alhali zinariyar Budapest da 4.31 aka ci ta. Lissafin daidai ne, fassarar ce ta karkace. Mita 4.55 da Anjela ta haye a Sebiya, shi ne ainihin tsayin da Bob Richards na Amurka ya ci zinariyar maza da shi a Olimfik na Helsinki cikin 1952. Lalle shi da sandar ƙarfe ya yi, wadda ba ta cilla mutum kamar ta yanzu. Amma maza sun yi shekara 56 a Olimfik kafin su kai nan, ba kuwa wanda ya taɓa cewa Richards rago ne don na bayansa sun wuce mita 6. Matan nan, shekara biyar bayan an fara rubuta musu bajinta, suka ɗaga ta daga 4.05 zuwa 4.60. Wanda ya sari daji ya kafa bukka, ba a yi masa dariya don jikansa ya gina soro a wurin.

Sa'an nan waɗanda suka zo daga baya ba daga sama suka faɗo ba. Isinbayeva an haife ta cikin 1982, ta kama sanda tana da shekara 15, ta tarar an riga an share hanya: akwai gasar yara, akwai malamai da suka san jikin mace, akwai sanduna da aka ƙera don mata, akwai kuɗi, akwai 'yan kallo. 'Yan kallon nan kuwa karawar Dragila da Anjela da George da Bartova ce ta jawo su. Da matan farko sun ba da kunya a Budapest da Sebiya, da masu cewa wasan ba na mata ba ne sun sami abin faɗa.

TA KOMO

Abin da ya fi nuna halin matar nan shi ne abin da ta yi bayan Sidni. Wani in ya sha irin wannan kaye a gaban duniya, ba ya sake waiwayar fili. Ita kuwa ta daure shekara huɗu, ta komo Olimfik na Atina cikin 2004 tana da shekara 31, lokacin da 'yan mata sababbin jini suka mamaye wasan. Ta kai karon ƙarshe, ta haye mita 4.40, ta yi tarayya da wasu a matsayi na shida, a daren da Isinbayeva mai shekara 22 ta kafa bajintar duniya da 4.91. Ba a ba na shida lamba, ba a kuma buga masa take. Amma ta goge babun nan da hannunta, ta bar Olimfik da tsayi rubuce a gaban sunanta.

INUWAR BUBKA

Akwai wani abu kuma da ya danne sunanta, watau haihuwarta a ƙasa ɗaya da Bubka. Ƙaramar bishiya ba ta samun rana a gindin kuka. A ƙasar da ba ta da wani gwani, zakarar Turai sau biyu da an daɗe ana sa wa 'ya'ya sunanta. A Yukren kuwa, in aka ce gwangwala, Bubka ake nufi: mita 6.15 a Donetsk cikin 1993, mita 6.14 a Sestriere ta Italiya cikin 1994. Shi ne kuma ya kafa gasar taurarin gwangwala ta Donetsk cikin 1990, inda Renaud Lavillenie na Faransa ya haye 6.16 cikin Fabrairu 2014, ya karya bajintarsa yana zaune yana kallo. A shekarar nan yaƙi ya ɓarke a gabashin Yukren, gasar ta mutu. Cikin Fabrairu 2022 kuma Rasha ta auka wa ƙasar gaba ɗaya, filayen wasa da dama suka lalace, 'yan wasa da yawa suka koma yin horo a ƙasashen waje.

Ƙasar da ke cikin wannan hali ta fi kowa bukatar riƙe sunayen mutanenta. Yarinyar da ke koyon tsalle a Kiyef ko a gudun hijira, in aka nuna mata Bubka, za ta yi mamaki ne kawai. In aka nuna mata Anjela, za ta ga mace irinta, daga garinsu, wadda ta fara a makare cikin shekarun wahala, ta kai inda ta kai.

Saboda haka kira ga hukumomin wasanni, na Turai da na duniya, da masu rubuta labarin wasanni a jaridu da masu faɗarsa a rediyo: in za a ba da tarihin tsallen mata, kada a fara daga mita 5. A fara daga Balensiya da Budapest da Sebiya, a kira sunayen matan da aka biya rabin lada suka yi cikakken aiki. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kowace bajinta kuma akwai ranar da za a ɗara ta, har da ta waɗanda ake yi wa tafi yau. In tsayi kaɗai za a riƙa dubawa, to, kowane gwani jiran ranar mantuwarsa yake yi. Mudun gaskiya shi ne a duba abin da mutum ya tarar, da waɗanda ya kara da su, da abin da ya bari. A wannan mudu Anjela Balakhonova ta cika har ta zuba, yabon gwani kuwa ya zama dole.